Kafin Ƙwaya Ta Faɗi

Daren da muka fara wannan wasa kuran ya ɗauke a site, sai muka shimfiɗa tabarma a waje mu biyar, shayi bisa gawayi, fitilar portabul a tsakiya. Wani abokina ne ya zo da shi. Ya ce da Faransanci ana kiransa jeu de rôle. Mutum guda yana kwatanta wuri da abin da ke faruwa, sauran kowa ya ɗauki mutum guda cikin labarin ya faɗi abin da zai yi, in abin yana da haɗari a jefa ƙwaya irin ta ludo ta raba gardama. Na ce masa wannan ai gatana ce da aka bai wa masu sauraro baki. Ya ce to, zauna ka gani.

Wanda ya fi suna cikin irin wasannin nan shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Amma shi yana son ƙwaya mai fuska 20, abin da ban taɓa gani a kasuwa ba, ga littattafan ƙa'ida masu kauri. Sai muka ari tsarin wani wasan, Apocalypse World, na Vincent Baker da Meguey Baker, wanda ya fito a 2010. Ƙwayar ludo biyu sun isa. Ka jefa ka haɗa: 10 zuwa sama ka yi nasara, 7 zuwa 9 ka samu amma da asara, 6 zuwa ƙasa al'amari ya ɓaci. Na lissafa a kaye: cikin hanyoyi 36 da ƙwaya biyu ke iya faɗuwa, 6 kaɗai ke ba da cikakkiyar nasara, 15 kuma na tsakiyar ne, kafin a ƙara makin gwanintar mutum. Wato wasan ya fi son "ka samu, amma", kuma daga wannan "amma" ɗin labari ke tsirowa.

Labarinmu na ayarin gishiri ne daga Agadas zuwa Bilma, shi ya sa mai jan labarin muka sa masa suna madugu. Dare biyu na farko da Faransanci muka yi, don da shi abokina ya karanta ƙa'idojin, babu kuma wanda ya tambayi dalili. Akwai wata ƙawarmu da ko a fada in ta fara labari shayi kan huce a hannun mutane, amma a wasan sai "oui" da "d'accord". Da na tambaye ta, ta ce: "Wallahi in na buɗe baki ji nake kamar ina gaban malam a anfi, ina jiran a gyara mini." Dare na uku mai gadin rijiya a labarin ya hana raƙumanmu ruwa. Ba ta san lokacin da ta juye Hausa ba. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta yi ciniki, ta haɗa da ba'a, har madugu ya manta da ƙwaya. Daga ranar ba mu koma ba.

Sai dai Hausa ta zo da nata sharaɗin. Da Faransanci mai wasa yana cewa "j'ouvre la porte", maganar ta tsaya tsakanin niyya da aiki, ba wanda ya damu. Da Hausa in ka ce "na buɗe ƙofa", an gama, ƙofa a buɗe take. Mun yi gardama sosai a kan haka: ƙwaya ta ba da 5, mutum ya ce ai na riga na ce na buɗe! Daga ƙarshe muka kafa doka: mai wasa da "zan" ko "bari in" yake magana, madugu kaɗai ke da ikon cewa "ka buɗe", shi ma sai bayan ƙwaya ta faɗi. A aji mun karanta J. L. Austin da littafinsa na 1962 a kan yadda magana kanta ke zama aiki. Na rubuta shi a jarrabawa na ci, amma bisa tabarmar nan na gane shi.

Na biyu, "tu" ba ya nuna mace ko namiji, Hausa kuwa sai ka zaɓa. Ɗaya daga cikinmu ya ɗauki tsohuwa mai sayar da fura. Da madugu ya ce masa "kin ji motsi bayan zana", aka kwashe da dariya. Bayan ɗan lokaci dariyar ta mutu, muka fara ce masa Inna ba tare da mun lura ba, shi ma muryarsa ta sauya. Haka gaisuwa ta shiga ƙa'ida: wanda ya je wurin mai gari ya faɗi bukatarsa kai tsaye, a rage masa maki ɗaya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wancan dare biyu na farko. Ni ɗalibin ilimin harshe ne, Hausa nake nazari, amma ban ko yi tunanin za ta iya ɗaukar ƙa'idar wasa ba. Na bar mata hira da ciniki, na kai lissafi da doka wani gida, ba wanda ya tilasta mini. Da ƙawarmu ba ta fusata da mai gadin rijiya ba, da har yau tana zaune shiru muna cewa wasan ne bai yi mata ba.

Yanzu ƙa'idojinmu shafi guda ne da Hausa, rubutun bik, fotokopi ɗaya ya isa fada guda. Ba kuɗi a ciki, don haka in tsoho ya leƙo ya tambaya ko caca kuke, ku ba shi wuri ya zama mai gari. Kalma ɗaya ce har yanzu muke gardama a kanta, sunan sakamakon 7 zuwa 9. Ni na ce "rabin nasara", ita ta ce "cin bashi", don komai daɗewa labari zai zo karɓa. Ina jin ita ce da gaskiya.