Hutun mai ƙaramin ƙarfi a Gulbin Kaba

Hutun tsibiri, wato kwanakin shaƙatawa da baƙo yake yi a ƙasar da ruwa ya kewaye, irin su Zanzibar, ko an rangwanta kuɗinsa ya fi ƙarfin manomin Tasawa ko Mayahi, domin Nijar ba ta da gaɓar teku. Nasa hutun bayan kaka yake zuwa, idan gero ya shiga rumbu, sai ya kai ziyara ƙauyukan Gulbin Kaba, busasshen kwarin nan mai yawan goruba, inda shimfiɗarsa tabarmar kaba ce, abincinsa fura da nono, kuma ba mai karɓar ko dala. Sai dai tsaraba, wadda kunya ba ta barin a shiga gidan dangi babu ita, takan sa wasu ɗage tafiyar zuwa baɗi.