Awon Keke: Abin da Lambar Taya Ba Ta Faɗa

Keke ya dawo kudancin Katsina ba tare da an yi masa shela ba, kuma abu biyu ne suka dawo da shi. Na farko shi ne dokar tsaro da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agustan 2021, wadda ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Na biyu shi ne janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Malamin firamare da manomi da ɗan sakandare duk suka waiwayi abin hawan da iyayensu suka jingine a zaure.

Sai dai keken da ya dawo ya zo da baƙi. Da can Raleigh ne da Phoenix, baƙaƙe, masu nauyi, masu kariyar da ke ɗaukar buhun masara ba ta koka ba. Yanzu a jerin kekunan gwanjo za ka tarar da keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, wanda aka ƙera domin titunan Turai, ya gama aikinsa a can, ya biyo jirgin ruwa ya zo. Samari suna sonsa, kuma suna da hujja: a kan kwalta ba shi da na biyu wajen gudu da rashin nauyi. Matsalar tana wajen zaɓe.

Idan ka tambayi mai sayarwa girman keke, zai ce maka 26 ne ko 28. Wannan lamba faɗin taya ce a inci. Ba ta gaya maka komai game da firam, wato ƙarafan da aka haɗa suka zama gangar jikin keken, alhali firam ɗin ne zai dace da jikinka ko ya saɓa masa. Kusan duk kekunan tsere na manya tayarsu ɗaya ce, wadda ake kira 700C, amma firam ɗinsu yana kamawa daga wajen santimita 48 zuwa 62. Keken da aka yi wa mutum mai tsayin mita 1.90 da wanda aka yi wa mai mita 1.60 za su tsaya gefe da gefe a kasuwa, lambar tayarsu iri ɗaya, mai sayarwa kuma ya rantse maka cewa girmansu ɗaya. Bai yi ƙarya da gangan ba. Abin da ya gada ke nan.

Na taso a zamanin keken haya, lokacin da yaro ke koyon tuƙi ta hanyar cusa ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya, ya maƙale a gefe, domin sirdin ya fi ƙarfinsa. Ina jin daga nan muka ɗauki ra'ayin cewa jiki ne ke bin keke. Shi ya sa uba ke saya wa ɗansa babba ya ce zai girma ya cika shi, kamar rigar Sallah. Riga idan ta yi yawa ana naɗe hannunta. Keke idan ya yi yawa, yaron ba zai iya dire ƙafa a ƙasa ba sa'ad da akuya ta gifta, yatsunsa kuma da ƙyar suke kai wa birki. A hanyar da mutum ke iya buƙatar tsayawa ko juyawa cikin gaggawa, kuma mutanen wannan yanki sun san irin hanyoyin da nake nufi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Tsayin mutum yana ba da kusan amsa. Mai santimita 160 zuwa 168 yakan dace da firam 51 ko 52, mai 168 zuwa 175 da 54, mai 175 zuwa 183 da 56, wanda ya haura haka kuma 58 zuwa sama. Amma mutum biyu masu tsayi ɗaya na iya bambanta a tsawon ƙafa, don haka awon da ya fi inganci shi ne na cikin ƙafa, daga matsematsi zuwa ƙasa. Kada a ɗauko awon wando daga wurin tela, domin shi yawanci daga ƙugu yake farawa. A cire takalmi, a jingina da bango, a sa littafi mai kauri tsakanin cinyoyi a ɗaga shi har ya tokare kamar sirdi, sannan wani ya auna daga saman littafin zuwa ƙasa.

Abin da ya fito sai a ninka shi da 0.67, a sami girman firam. A ninka shi da 0.883, a sami tsayin sirdi, daga tsakiyar ƙarfen da fedoji ke juyawa a kansa zuwa saman sirdin. Wannan lissafi ya yaɗu ne ta hannun Greg LeMond, Ba'amurken da ya lashe gasar Tour de France ta Faransa a 1986 da 1989 da 1990. Mai cikin ƙafa santimita 80 zai nemi firam 54, ya sa sirdinsa wajen santimita 71. Yaro mai 74 kuwa firam 50 ne nasa. Tsohon Raleigh na iyayenmu yakan zo da firam inci 22 ko 24, wato kusan santimita 56 da 61, ka ga dalilin da ya sa ya zame mana dutse muna yara.

Ana auna firam ne a ƙarfen da ya tashi daga wurin feda zuwa inda sandar sirdi ke shiga. Tef ɗin tela ya isa. Akwai tarko guda: tun shekarun 1990, da kamfanin Giant na Taiwan ya yaɗa firam mai sandar tsakiya a karkace, wannan ƙarfe yakan fi lambar girman keken gajarta, wasu kamfanoni ma haruffan S da M da L kawai suke sawa, kuma M na wannan ba lalle ya zama M na wancan ba.

Saboda haka gwaji da jiki ne alƙali, gani ya kori ji. Ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa: ya kamata yatsu biyu su shige tsakaninka da sandar. Ka hau, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa: ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Da haka, idan ka mayar da gaban ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe yadda ake so. Sirdin da ya yi ƙasa yakan jawo ciwo a gaban gwiwa, wanda ya yi sama kuma a bayanta. Yawancin masu keken da nake gani a hanyar Funtuwa sirdinsu ƙasa yake ƙwarai, gwiwa na neman taɓa ƙirji, suna kashe ƙarfi biyu a tafiya ɗaya. Sannan ka kama kan keken. Idan sai ka miƙe hannu ƙam kafin ka kai, wuya da kafaɗa za su biya bashin kafin ka isa Dandume daga Sabuwa.

Wanda ya faɗa tsakanin girma biyu, shawarata ya ɗauki ƙaramin. Ana ɗaga sirdi, ana sauya wuyan da ke riƙe da kai, amma ba a rage ƙarfe. Ɗagawar ma tana da iyaka: akwai layi a jikin sandar sirdi wanda bai kamata ya fito waje ba. Mai gyara na iya zaro ta har ta wuce layin don ya faranta wa dogon mutum, ranar da aka faɗa rami kuma firam ya tsage.

Ko awo ya yi daidai, zan tambayi mai saye inda zai bi. Tayar keken tsere faɗinta milimita 23 zuwa 28 ne. Yashi yana kama ta, ƙaya tana huda ta, laka tana toshe ta da damina, ba ta kuma son kaya. Wanda hanyarsa ta gona ce ko ta ƙauye, keke mai faffaɗar taya ya fi masa. Wanda zai bi kwalta zuwa makaranta ko ofis, ya sayi na tseren, amma ya fara zagaya masu kayan keke ya tabbatar akwai tayarsa da tub ɗinsa. Tayar tsohon keke mai lamba 28 tana zama ne a kan gargare mai milimita 635, ta keken tsere kuma 622. Milimita 13 ne kawai tsakani, amma ɗaya ba ta hawa gurbin ɗaya, ko da an rubuta 28 a jikin duka biyun.