Abincin Ƙarfafan Mutane

Kowace al'umma tana da ƙarfafanta, kowace kuma tana da abin da ta gaskata shi ke sa ƙarfi. A ƙasar Hausa ɗan kokawa da ɗan dambe fura da nono suka sani, da tuwo, da nama ran da ya samu, sa'an nan laya a damtse.

A ƙasar Indiya an yi wani ɗan kokawa Musulmi wanda ake kira Gama. An haife shi a 1878, ya rasu a Lahor a 1960. A 1928, a garin Patiyala, ya ka da wani shahararren Baturen Folan, Zibisko, tun minti ɗaya bai cika ba. To, me yake ci? Madara, da man shanu, da romon nama, da wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, almon, wanda ake niƙawa a dama da madara. Masu ba da labari sukan ƙara gishiri wajen yawan abin da yake sha, amma ba su cika faɗin wahalarsa ba, watau tsugunawa da tashi sau dubbai kowace rana. Wanda ya sha man shanun Gama bai yi aikin Gama ba, tumbi kaɗai zai ajiye.

Mutanen Jafan su kuwa 'yan kokawarsu, masu wasan sumo, nauyi suke nema da gangan. Ba su karya kumallo sai sun gama motsa jiki. Daga nan su zauna wa babbar tukunyar miya ta nama da kifi da ganye, su haɗa da shinkafa mai yawa, su kwanta barci. Lokacin gasa sukan fi son kaza, wai don da ƙafa biyu take tsayawa, shi kuwa ɗan sumo in hannunsa ya taɓa ƙasa an ka da shi ke nan. Ashe camfi ba a ƙasa ɗaya ya tsaya ba.

Yanzu samarin birni masu ɗaga ƙarfe sun koma ga wani gari na gwangwani da ake kawowa daga Amurka da Turai. Garin nan ba sihiri ba ne. Yawancinsa ruwan da ke saura ne bayan an yi cuku, aka tace, aka busar. Yana da amfani, sai dai tsada, har saurayi yakan zuba kuɗin cefanen gida a kan gwangwani guda. Masana sun ce mai nauyin kilo 70 da ke wannan aiki yana bukatar wajen giram 110 na furotin, watau abin da ke gina tsoka, kowace rana. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Busasshen wake kusan rubu'insa furotin ne, ƙuliƙuli kuwa ya kusa rabi, ga su nan a kowace kasuwa.

Abin tsoro shi ne allura da ƙwayoyin kumbura tsoka, waɗanda ake kira sitiroyid. Anol Shuwazinega, wanda ya ci gasar Mista Olimfiya sau 7, daga 1970 zuwa 1975 da kuma 1980, ya amsa da bakinsa cewa ya yi amfani da su. Tsoka takan fito da sauri, amma suna ɓata hanta da zuciya, suna ta da hawan jini, suna kuma iya hana namiji haihuwa. Mai sayarwa ba ya faɗa wa yaro wannan sa'ad da yake ƙirga kuɗinsa.