Tsoron Da Yayata Ta Tafi Da Shi Wurin Aiki



Mu ɗalibai muna ɗauka cewa faɗuwar gaba ta 'yan makaranta ce kawai, duk ranar da mutum ya karɓi takardarsa ta ƙarshe ya rabu da ita ke nan. Ina so in ba ku labarin yayata, wadda ta fara aikin jinya bana, domin a wurinta na ga yadda abin yake.

Yaya ta yi shekara 3 a kwalejin koyon aikin jinya. Ta ci jarrabawar lasin ta Hukumar Nas-nas da Ungozoma ta Ghana, wadda sai da ita ake barin mutum ya yi wannan aiki. Sannan ta yi shekara guda ta bautar ƙasa tana zagaya ɗakunan asibiti, na yara, na tiyata, na haihuwa. Duk tsawon wannan lokaci akwai babba a kanta. In za ta yi allura akwai mai kallo, in ta lissafa magani akwai mai sake dubawa. Bayan haka ta zauna gida fiye da shekara tana jiran takardar aiki. Ranar da takardar ta zo, Mma ta dafa shinkafa da wake ta raba wa maƙwabtanmu a Aboabo.

An tura ta wani ƙaramin asibiti a bayan garin Kumasi, sai ta shiga mota biyu, ta sauya a Kejetia. Bayan mako 2 aka sa ta aikin dare a ɗakin yara. Gado 14 ne, daga ita sai mataimakiya ɗaya. Likita yana kwana a gidansa kusa da asibitin, sai an kira shi a waya.

Ɗakinmu ɗaya da ita, saboda haka ni na fara ganin sauyin. Ta daina cin abinci in za ta fita. Takan goge kayan aikinta, ta rataye, ta sake saukowa da su ta goge. In ta dawo da safe ta kwanta, sai ta farka firgigit ta ɗauki waya ta kira wadda ta karɓe ta: "Don Allah duba mini katin yaron gado na shida, na rubuta maganin ƙarfe biyar?" Kullum amsar ita ce ta rubuta.

Na tambaye ta ko jini take tsoro. Ta ce, "Ke, jini ai na saba da shi tun ina aji ɗaya. Lissafi nake tsoro." Ta ɗauki littafina ta rubuta 0.5, ta rubuta 5 a ƙasansa. Ta ce maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, kuma wannan ɗigon in ya ɓace, yaro ya sha ninki goma na abin da ya kamata. Da can in ta yi kuskure akwai mai kamawa. Yanzu daga hannunta sai jikin ɗan mutane.

A mako na uku ta ce wa Mma tana tunanin ajiye aikin ta bi gwaggonmu sayar da atamfa. Gidan ya yi tsit, domin kowa ya san kuɗin makarantarta daga ɗan shagon Baba suka fito, kwabo-kwabo. Mma ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ki ƙara wata ɗaya. Amma ki nemi wata babba a wurin aikin, ki faɗa mata abin da kika faɗa mini."

Ta sami wata dattijuwar nas da ta kusa ritaya, wadda kowa ke kira Anti. Anti ba ta ce mata ta daina tsoro ba. Ta ce nas ɗin da ba ta jin komai a ranta ita ce abar tsoro. Sai ta ba ta abin yi. Na farko, da zarar ta karɓi aiki, kafin ta zauna, ta bi gado-gado ta ga kowane yaro da idonta, ta san wanda ya fi jin jiki, don kada dare ya zo mata da ba-zata. Na biyu, kafin kowane magani ta yi wa kanta tambaya biyar: shi ne yaron, shi ne maganin, shi ne adadin, ta nan ake ba da shi, lokacinsa ya yi? Na uku, ta riƙe ƙaramin littafi a aljihu, ta rubuta abu tun tana tsaye a bakin gado, kada ta ce sai an jima. Na huɗu, kada ta taɓa jin kunyar tashin likita. Anti ta ce gara a yi maka tsaki a waya da a yi kuka a ɗaki.

Ta kuma koya mata abin da za ta yi in hannunta ya fara rawa. A makaranta an koya wa Yaya cewa tsoro na sa jiki ya saki wani sinadari mai sa zuciya gudu da hannu karkarwa. Anti ta ce ta tsaya, ta ja numfashi a hankali, ta sake shi a hankali fiye da yadda ta ja, sau uku, ta yi bismillah, sannan ta nemi jijiya. Ba ya ɗaukar ko minti ɗaya.

Ba a daɗe ba aka gwada ta. Wajen ƙarfe biyu na dare wani yaro ɗan shekara 2 mai zazzaɓi ya kama jijjiga. Uwar ta fasa ihu, kakarsa ta zaro cokali za ta cusa masa a baki. Yaya ta ce ta ji ƙafafunta kamar ba nata ba. Amma ta riƙe hannun tsohuwar ta ce, "Kaka, ki yi haƙuri, ba a sa masa komai a baki." Ta kwantar da shi ta gefe don kada ya shaƙe, ta dubi agogo, domin jijjigar da ta wuce minti 5 tana bukatar magani da gaggawa. Ta sa mataimakiyarta ta kira likita, ita kuma ta auna zafin jikinsa da sukarin jininsa. Kafin likita ya iso jijjigar ta tsaya, kuma duk abin da ya tambaya yana cikin littafin aljihunta. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne. Bayan kwana huɗu aka sallami yaron yana tafiya da ƙafarsa. Yaya ta ce sai da komai ya lafa sannan ta shiga banɗaki ta yi kuka, ta wanke fuska, ta koma bakin aiki.

Malaminmu na tarihi ya ba mu labarin Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a Madina tana jinyar masu rauni, har aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Da na ba Yaya labarin, sai ta yi murmushi ta ce, "Ita ma akwai ranar da ta fara."

Yanzu watanta bakwai. Tana cin tuwonta kafin ta fita. Har yanzu gabanta na faɗuwa in an kawo jariri, kuma har yanzu tana lissafa magani sau biyu, ta ce ba za ta daina ba. In maƙwabta suka zo gida suna cewa "Dokta, duba mini wannan," takan ce ita nas ce, ta faɗa musu abin da ta sani, sauran ta ce a je asibiti. Wasu na jin haushi, amma suna zuwa.

Iyayenmu, in ɗanku ko 'yarku ta fara aiki, ku riƙa tambayarta yadda ta kwana a can, ba albashi kaɗai ba. Da Mma ta yi faɗa a ranar nan, da wataƙila Yaya tana kasuwa yau. Mu kuma 'yan aji uku da jarrabawar BECE ke gabanmu, matambayi ba ya ɓata. Ni dai na sayi ƙaramin littafi irin na Yaya, ina rubuta duk abin da ban gane ba a lissafi da nahawu, in kai wa malam kafin a tashi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙarfafa hannun masu jinyarsu. Amin.