Kaji Biyar, Babu Zakara

Rubutun wannan makon na kaji ne, a yi haƙuri da mu.

Wata biyu ke nan da tarewarmu a Tarauni, gidan haya mai sashe uku. Dukkanmu biyu tashin Gyaɗi-Gyaɗi ne, gidajen da ba a rasa kaza a tsakar gida. A can babu mai cewa yana "kiwo". Da safe Hajiya ta buɗe akurki ta watsa tsaki, su fice lungu su nemi sauran da kansu, magariba ta dawo da su. In baƙo ya zo a kama ɗaya. Shi ya sa da ragowar kuɗin gudummawar biki ya zo hannunmu, ba mu yi dogon tunani ba muka ce kaji.

Da farko hamsin muka ambata, na gidan gona, masu isa yanka a sati shida zuwa takwas. Sai muka auna filin da ke bayan kicin: ƙafa 12 a tsaye, 9 a kwance, a nan ne kuma igiyar shanya take. Ɗayanmu mai difulomar akanta ya ɗauko biro. Kaza mai ƙwai tana cin abin da ya kai giram 110 zuwa 120 a rana. Ke nan buhu mai kilo 25 zai riƙe kaji biyar kusan kwana arba'in, hamsin kuwa ko kwana biyar ba zai kai su ba. Kajin Hajiya rabin abincinsu lungu ne ke ba su. Namu ƙofar ƙarfe ce a gabansu da siminti a ƙarƙashinsu, duk ƙwayar da za su haɗiya daga aljihunmu za ta fito. Nan hamsin ta koma biyar.

(Ku da ke rubuta labarin da jaruma za ta fara da 'yan tsaki goma, babi biyu a gaba ta sayi mota, don Allah ku riƙa tambayar kuɗin buhu.)

Mun tsaya a kan Shika Brown uku, irin da cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ta samar don ƙwai da jure yanayinmu, sai kajin Hausa biyu. Na Shika kan fara ƙwai a wajen wata biyar, amma ba su damu da kwanci ba. Ta Hausa ƙwanta kaɗan ne, goma zuwa sha biyar ta tsaya, sai dai uwa ce ta gaske: kwana 21 tana kai, ta fito da 'ya'yanta, ta yi faɗa da muzuru a kansu.

Abin da ya fi cin mana lokaci shi ne ciwo. Duk ɗan Gyaɗi-Gyaɗi ya san yadda hunturu ke share akurki, kaza ta yi zugum, kashinta ya koma kore, wuya ya murɗe, kafin sati an gama. Likitocin dabbobi suna kiranta Niyukasul, ba ta da magani sai rigakafi. Barkono da maɗaci da iyayenmu ke jiƙawa a ruwan sha ba sa tare ta, ko da yake ba mu isa mu faɗa a gaban Hajiya ba. Rigakafin Lasota a ruwa ake ba su, har cibiyar Vom ta Jihar Filato tana yin sa. Matsalar ita ce kwalba ɗaya ta ɗaruruwan kaji ce, tana son sanyi, in an haɗa kuma ba ta kwana. Don haka muka bi layinmu gida-gida, muka sami mutum huɗu masu kaji da suka yarda mu haɗa kuɗi mu ba su rana ɗaya. Kazar da aka kawo daga kasuwa kuwa sai ta yi sati biyu ita kaɗai kafin ta ga sauran.

Sai maganar zakara, wadda ta kusa raba kanmu. Maƙwabciyarmu ta sashen tsakiya ma'aikaciyar jinya ce, tana yawan aikin dare, baccinta na safe ne, tagarta kuma tana kallon inda akurkin zai zauna. Ba ta ce komai ba da muka je mata da zancen, murmushi ta yi ta ce Allah ya sa albarka. Wannan murmushin ne ya soke zakaran. Kaza tana ƙwai ko babu shi, ƙyanƙyasa ce ba za a samu ba.

Da labari ya je Gyaɗi-Gyaɗi, Hajiya ta yi salati ta ce, "Ku yaran nan, ina aka taɓa gida da kaji babu mai cara?" Da ta huce ita ce ta kawo mafita: duk ranar da ta Hausa ta fara kwanci, a zo a ɗauki ƙwai goma daga akurkinta a saka mata.

Kafinta zai zo ranar Asabar. Mun ce ya ɗaga akurkin daga ƙasa saboda ɓera da ruwan damina, ya sa raga ta ɓangare biyu, ya shimfiɗa zana a kan kwanon don zafin Afrilu. Saura mai gidan, wanda har yanzu amsarsa ita ce zai yi shawara.