Abin da Ke Ƙona Sifikun Motar Ƙanena

Ƙanena direba ne. Yana jigilar fasinja a wata tsohuwar Golf tsakanin Birniwa da Haɗeja, wani lokaci ya leƙa Nguru. Cikin wata huɗu sau uku ƙananan sifikun motarsa suna ƙonewa. A karo na uku ya buga mini waya: "Yaya, ka ranta mini kuɗi. An ce akwai na'urar da in na saka ta, magana ta ƙare." Kuɗin da ya ambata sun kusa kai abin da ya ware wa taki da irin riɗi na daminar bana. Na ce ya dakata sai na zo.

Kunnen ɗan Adam yana jin amo daga girgiza 20 zuwa kimanin 20,000 a daƙiƙa guda, kuma babu sifika ɗaya da ke iya fitar da wannan duka yadda ya kamata. Babbar, wadda masu gyara ke kira wufa, ita ke da faɗin tura iska, ita ke fitar da kaurin ganga. Ƙaramar kuwa, tiwita, wayar cikinta siririya ce kamar gashi, aikinta kaifin amo irin na kukuma. Idan kaurin ganga ya kwarara cikinta, sai wayar ta yi zafi ta tsinke. Don haka ake sa mararrabar sauti, wato kurosoba, ta ba kowace sifika daidai kayan da za ta iya ɗauka.

Mararrabar iri biyu ce. Ta farko ba ta bukatar a ba ta wuta. Kwandansa ce da naɗaɗɗiyar wayar tagulla, ana ɗaura su tsakanin amfilifaya da sifika. Kwandansa na tare amo mai kauri, naɗaɗɗiyar waya na tare siriri. Ba ta da tsada, ba ta da maɓallin da wani zai murɗa, amma tana cinye wani ɓangare na ƙarfin amfilifaya, kuma inda aka yanke mata iyaka nan take tsayawa.

Ta biyu, wadda aka kwaɗaita wa ƙanena, da wutar batir take aiki, kuma tana raba sautin tun kafin ya isa amfilifaya. Gaskiya ta fi iya aiki: mutum na iya matsar da iyakar yadda yake so, ya daidaita ƙarfin kowace sifika. Sai dai kowace sifika sai an ba ta layinta a amfilifaya. Ƙofofi biyu masu wufa da tiwita suna bukatar layi huɗu maimakon biyu, ga ƙarin wayoyi, ga ƙarin nauyi a kan batir. Kuma kuskuren murɗa maɓalli sau ɗaya ya isa ya kashe tiwita nan take.

Muka kai motar wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Haɗeja. Ya kwance murfin ƙofa, ya bi wayar da yatsa, ya yi murmushi.

"Samari, wa ya yi maka wannan aikin?"

Ashe wanda ya haɗa kayan tun farko ya jona tiwitocin kai tsaye da amfilifaya, babu komai a tsakani. Dattijon ya ɗauko kwandansa biyu masu lamba 10, ya liƙa kowace a layinta da dalma. A kan sifika mai om 4, irin wadda aka fi sa wa a mota, wannan na fara rage duk amon da ya gaza girgiza kimanin 4,000. Sannan ya nuna mana wani ɗan maɓalli a gefen amfilifayar, wanda ƙura ta rufe, ya tsayar da shi a kan 80 domin babbar wufar da ke but. Wannan maɓalli shi kansa mararraba ce mai aiki da wuta. Ƙanena ya daɗe da mallakar rabin abin da yake shirin cin bashi a kansa.

Ban ce na'urar mai wuta ba ta da ranarta ba. Wanda ke da kunne, da kuɗi, da gwanin saiti a kusa, zai ji bambanci. Amma motar da ke shan ƙurar hunturu da zafin bazara, wadda yaran tasha ke taɓa duk abin da ke murɗuwa a cikinta, ta fi dacewa da abin da aka liƙe aka rufe.

A hanyarmu ta komawa Birniwa ya kunna waƙar Shata, kalangu na fita sarai. Mun wuce Malam Madori kafin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, gobe zan je sayen takin."