Mu da Tsohon Risho

'Yan'uwa, a Kurmin Kogi ana mana dariya, wai mun kamu da ciwon tara tsohon risho. Wanda ya fi shiga ranmu shi ne Primus na tagulla, wanda aka fara ƙerawa a Suwidin a 1892. Ba ruwansa da lagwani. Famfo ake bugawa, iska ta tura kananzir sama, wuta ta kama da ruri.

Tun da kananzir ya yi tsada, iyayenmu mata suka koma gawayi da gas. 'Yan gwangwan kuwa a kilo suke saye, a je a narkar. Shi ya sa muke sammakon kasuwar Makarfi mu riga su, ko da kuɗin karin kumallonmu ne. In akwai guda a ƙarƙashin gadon kaka, don Allah a sanar da mu tukuna.